Maganin Ciwo Ya Cika Titi, Ya Yi Ƙaranci A Asibiti: Tarihin Yadda Muka Iso Nan



Akwai wani abin mamaki a ƙasar nan da ya kamata mu tsaya mu dube shi da kyau. Yaron da babu abin da ke damunsa zai iya samun tiramadol a tasha ko a bayan kasuwa cikin minti goma. Amma mai cutar daji da ke juyi a kan gado, ko mai sikila da ƙashinsa ke sara kamar ana buga masa guduma, sai ya kwana yana roƙo kafin a ba shi abin da zai sa ya runtsa. Mai ciwon ɓarin kai kuwa, da wuya ma a yarda cewa cuta ce ke damunsa. Abin da zai ji shi ne, "ai ciwon kai ne kawai, sha Panadol ka kwanta." Daga Sabon Gari zuwa Magami, daga Mayo Gwoi zuwa Nukkai, da wuya a sami zuri'ar da ba ta da irin wannan majinyaci. Wannan hali ba jiya ya faro ba, yana da tarihi, kuma sanin tarihin zai taimaka mana mu san abin da za mu nema da yadda za mu neme shi.

Kafin zuwan asibiti

Lokacin da Lamiɗo Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893 ya mai da ita mazaunin sarautar Muri, maganin ciwo yana hannun mutane huɗu ne: wanzami da ƙahonsa da askarsa, maɗori, mai sassaƙe da saiwa, sai malami da tofi da rubutun sha. Wanda kai ya dame shi a yi masa ƙaho a ƙeya ko tsaga a gefen goshi. Har yau akwai dattawan da za ka ga tabon a fuskarsu.

Ciwon ɓarin kai tsohon ciwo ne. Larabawa suna kiransa shaƙiƙa, kuma ya zo a Sahihul Bukhari cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho a kansa saboda shi. Ibn Sina, babban likitan Musulunci da ya rasu a 1037, ya yi bayanin afiyun a matsayin abu mai ƙarfin kashe zogi, ya kuma yi gargaɗi a kan haɗarinsa. Ke nan shekara dubu da suka wuce likitocin Musulmi sun san fuska biyu na wannan magani, amfaninsa da cutarwarsa, kuma ba su ce a bar majinyaci da azabarsa ba.

Sai dai al'adarmu ta gina mu a kan dauriya. Bahaushe yana yabon yaron da bai yi kuka a hannun wanzami ranar kaciya ba, da macen da ta haihu ba a ji muryarta ba. 'Yan uwanmu Fulani suna da munyal, kuma sharo ma gwajin wannan ne. A zamanin da babu abin da zai kashe ciwo, dauriya ita ce maganin da ya rage. Matsalar ita ce mun ɗauko wannan ɗabi'a mun shigo da ita ofishin likita. A tambayi dattijo yaya jiki, ya ce da sauƙi, alhali kwana uku bai yi barci ba. Likita kuwa abin da ya ji shi zai rubuta.

Zuwan ƙwaya da allura

Wajen shekarar 1805 wani matashin mai haɗa magani a Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace mofin daga afiyun. A 1832 wani Bafaranshe, Pierre Robiquet, ya fitar da kodin. Kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da asfirin a 1899. Shi wannan kamfani shekara ɗaya kafin nan ya fito da hiroyin a matsayin maganin tari, kafin duniya ta gane irin bala'in da ke cikinsa. Tun daga farko, tarihin maganin ciwo yana tafe ne da tarihin maye.

A yankinmu na Binuwai, maganin Bature ya shigo ta hannun 'yan mishan na Sudan United Mission da suka iso Arewa a 1904 suka zauna a Ibi da Wukari, sannan ta ɗakunan shan magani na En'e. A hankali ƙwayoyi suka shiga kasuwa. Iyayenmu sun san APC da Cafenol da Phensic, sun san garin Alabukun da Jacob Odulate ya haɗa a Abekuta a 1918, wanda asfirin ne da sinadarin kafin. Daga baya allurar Analgin ta zama abin da kowane kemis ke yi wa mai zazzaɓi da ciwon jiki, har hukumar NAFDAC ta hana ta a 2005 saboda illolinta. Duk waɗannan na ƙaramin ciwo ne. Babban ciwo, irin na daji ko karaya ko ƙuna ko tashin sikila, maganinsa yana kulle a wani wuri dabam.

Dokar da tsoro ya haifa

A 1912 manyan ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar farko ta taƙaita cinikin afiyun a birnin Hague. Turawan mulkin mallaka suka kawo mana namu kaso da dokar miyagun ƙwayoyi ta 1935. A 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa dokokin wuri ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yarjejeniyar 1961 nauyi biyu ta ɗora wa kowace ƙasa: ta hana a sha waɗannan magunguna don maye, kuma ta tabbatar akwai su isassu domin marasa lafiya. Ƙasashe irin tamu suka riƙe na farko da hannu biyu, na biyun ya suɓuce.

Zamanin soja ya ƙara wa tsoron ƙarfi. Doka mai lamba 20 ta 1984, a mulkin Janar Muhammadu Buhari, ta yanke hukuncin kisa a kan safarar hodar ibilis da makamantanta, kuma a watan Afrilun 1985 aka harbe mutum uku a Legas. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa NDLEA, a 1993 aka kafa NAFDAC. Waɗannan dokoki masu fataucin ƙwaya aka nufa da su, amma inuwarsu ta faɗa har cikin asibiti. Mofin ya zama abin da ake kullewa a akwati cikin akwati, kowace kwalba sai an rubuta ta a rajista, in ɗaya ta ɓace ma'aikaci na iya rasa aikinsa ko ya tsinci kansa a hannun hukuma. An yaye likitoci da nas-nas masu yawa da aka koya musu haɗarin mofin fiye da yadda aka koya musu amfani da shi.

Ga kuma nisa. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ce kaɗai ke da ikon shigo da mofin, kuma shekara da shekaru rumbunsa ɗaya ne, a Oshodi ta Legas. Asibitin da ke so sai ya cika takardu, ya tura jami'in magunguna da kansa ya je ya ɗauko. Ku auna wannan daga Jalingo, tafiyar sama da kilomita 1,000, a jihar da sai ranar 27 ga Agustan 1991 aka cire ta daga Gongola, tana fama da gina asibitocinta daga tushe. Wani lokaci ma a je a tarar rumbun babu komai.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ake kira tsanin maganin ciwo, mai matakai uku. Ƙaramin ciwo a ba da farasitamol ko ibufurofen. Matsakaici a hau zuwa kodin ko makamancinsa. Mai tsanani a ba da mofin, ta baki, a kan lokaci, ba sai majinyaci ya yi ihu ba. Tsari ne mai sauƙi da arha, amma a yawancin asibitocin ƙasar nan matakin sama na tsanin a karye yake. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci kashi 1 cikin 100 kawai suke samu na mofin ɗin da ake rabawa a duniya. A Najeriya kuwa, abin da ke akwai bai kai miligiram ɗaya ga kowane majinyaci mai buƙata ba a shekara, wato bai biya ko da kashi 1 cikin 100 na buƙata ba.

Giɓin da titi ya cike

Ciwo ba ya jiran takarda. Da babu mofin, asibitoci suka koma ga allurar fentazosin, wadda aka fi sani da fenta, domin dokarta ba ta kai ta mofin tsauri ba. Aikinta gajere ne, tana da saurin kama jiki, kuma yawan yin ta a wuri ɗaya yana sandarar da tsoka ya bar gyambon da ba ya warkewa. Masu sikila da dama da aka sallama daga asibiti da sauran ciwo sun koyi yi wa kansu ita a gida, suka gudu ba su tsira ba.

Sai tiramadol. Wani kamfanin Jamus ne ya fito da shi kasuwa a 1977, kuma ba ya cikin jerin magungunan da dokar duniya ta kulle, shi ya sa ya sami hanyar kwarara zuwa Afirka ta Yamma, galibi daga Indiya. Abin da Najeriya ta amince da shi na miligiram 50 ne da 100, amma wanda ke yawo a titi na 200 ne ko 225, har da 250. Mu faɗi gaskiya, da yawa daga cikin waɗanda suka faɗa shansa ba da neman maye suka fara ba. Manomi ne da bayansa ke ciwo, ɗan dako ne, mai haƙar yashi ne, direba ne, aka ce masa ga abin da zai sa ya yi aiki bai gaji ba. Haka kodin na ruwa ya shiga ɗakunan mata da makarantu.

A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken ɓoye a kan yadda ake karkatar da shi daga kamfanoni, kuma ranar 1 ga Mayu Ministan Lafiya Farfesa Isaac Adewole ya haramta shigowa da haɗa maganin tari mai kodin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, wanda ya fito a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramadol suke sha ba bisa umarnin likita ba. Tun da Janar Buba Marwa ya karɓi NDLEA a 2021 kamen ya ƙaru, amma 'yan kasuwar suna sauya salo. A 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo wani kamfani a Mumbai da ke turo sabon haɗi mai haɗari zuwa yankinmu, har gwamnatin Indiya ta hana yin sa.

Babu mai hankalin da zai ce kada a yaƙi wannan annoba, mun ga yaran da ta lalata. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Tun daga 2018 duk wanda ya ambaci sunan maganin da ke masa aiki sai a bi shi da kallon zargi. Amurka ma ta bi ta wannan hanya: bayan fitowar OxyContin a 1996 an yi ta rubuta shi barkatai har dubban ɗaruruwan mutane suka mutu, a 2016 aka tsaurara ƙa'ida, aka yanke wa masu ciwon gaske magani kwatsam, sai a 2022 aka sake gyara ƙa'idar don rage wannan cutarwa. Sakaci yana kisa, matsewar da ta wuce kima ita ma azaba ce.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu

Na farko masu sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawansu, ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar halittarta. Idan ciwon ya tashi, jini ne ke toshewa a ƙananan hanyoyi, ƙashi ya rasa iska. Babu na'urar da ke auna wannan zogi, maganar majinyaci ita ce shaida. Wanda ya shekara ashirin yana kwanciya asibiti dole ya san sunan allurar da ke masa aiki. Wannan sani ba shi ne shaye-shaye ba.

Na biyu masu cutar daji. Yawancin mutanenmu sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti, lokacin da babban abin da ya rage a yi musu shi ne a sauƙaƙa musu. Mofin na ruwa da ake sha ta baki ba shi da tsada, kuma idan likita ne ke auna shi daidai da ciwo, ba shi ke gaggauta ajali ba kamar yadda ake tsoro.

Na uku masu ciwon ɓarin kai, kuma nasu labarin dabam ne. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yana zuwa da bugawa a gefe ɗaya, da tashin zuciya, da ƙin haske da ƙara, yana iya ɗaukar sa'a 4 zuwa kwana 3, kuma ya fi kama mata. A nan tiramadol da fenta ba su ne mafita ba, suna ma iya mai da shi na kullum. Tun 1991 aka fito da sumatiriftan, maganin da aka yi musamman don tsayar da shi idan ya taso, ko da yake yana da tsada kuma bai dace da mai ciwon zuciya ba. Akwai kuma magunguna masu arha irin su furofanolol da amitiriftilin da likita kan ɗora mutum a kai kullum don rage yawan zuwansa. Abin da ya kamata kowa ya sani: shan maganin ciwon kai na yau da kullum kwana 15 ko fiye a wata, ko masu ƙarfi kwana 10, shi kansa yana haifar da wani ciwon kan. Mata da yawa suna cikin wannan tarko da haɗin kemis ba su sani ba.

Masu ƙoƙarin gyara

Tarihin ba duka baƙi ba ne. A Ibadan, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun kafa ƙungiyar nazarin ciwo ta Najeriya a 1998, kuma a 2007 asibitin koyarwa na can ya buɗe sashen kula da masu ciwon da ba ya warkewa. Dakta Anne Merriman, wadda ta yi aikin likita a kudu maso gabashin Najeriya tun tana matashiya, ta kafa irin wannan cibiya a Uganda a 1993, ta koyar da haɗa mofin na ruwa mai arha. A 2004 Uganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, domin likitoci ba sa isa ƙauye. Ƙasa ce da ba ta fi mu arziki ba.

A nan gida, a 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haɗa hannu da ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta Amurka aka sake shigo da mofin. A 2015 aka fara shirin horar da ma'aikatan wasu manyan asibitoci su riƙa auna ciwo kamar yadda suke auna zafin jiki da hawan jini. A 2017 aka fitar da manufar ƙasa a kan magungunan da doka ta taƙaita, a 2018 aka fitar da ƙa'idojin kula da ciwo. Ma'ana, a takarda yanzu gwamnati ta yarda cewa rage wa majinyaci azaba aikin asibiti ne. Abin da ya rage shi ne takardar ta iso gadon majinyaci a Jalingo da Bali da Gembu da Karim Lamiɗo.

Abin da ya rage gare mu

Likita ba maƙiyi ba ne. Mutum ne da ke duba layin da ba ya ƙarewa, doka na bayansa, kuma an sha yaudararsa. Hanyar samun isasshen magani ita ce a ba shi hujjar da zai dogara da ita.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a daina cewa da sauƙi idan babu sauƙi. A faɗi inda ke ciwo, tun yaushe, da abin da ya hana: barci, sallah a tsaye, zuwa gona ko kasuwa. Idan an ce a auna shi daga 0 zuwa 10, a faɗi gaskiya, ba ƙari ba ragi. Mai ciwon kai ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranakun da ya zo da abin da ya sha, na wata ɗaya ko biyu. A tafi da kwalayen duk abin da ake sha, har na kemis da na gargajiya, kada a ɓoye ko da tiramadol ne. A riƙe asibiti ɗaya da kati ɗaya, domin fayil mai tarihi ya fi kowane rantsuwa. Maimakon a ce a ba ni allura kaza, a ce abin da aka ba ni bai yi ba, mene ne mataki na gaba? Idan ciwon ya wuce wata uku, a nemi a tura mutum wurin ƙwararre a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha da ke nan Jalingo.

A kuma kiyaye: babba kada ya wuce giram 4 na farasitamol a yini saboda hanta, kuma dogon shan diklofenak ko ibufurofen yana cin ciki da ƙoda. Ciwon kan da ya zo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da mutuwar ɓarin jiki, ko ga mai juna biyu, wannan na gaggawa ne, ba na jira ba.

Mu kuma a ƙungiyance akwai abin da za mu iya. Mu raka marasa lafiyarmu, musamman tsofaffi da matan da kunya ke hana su magana. Mu tambayi shugabannin asibitoci da wakilanmu a Majalisar Jiha, cikin ladabi kuma a rubuce, ko akwai mofin na sha a rumbunsu da ma'aikatan da aka horar a kansa. Mu ci gaba da matsa wa gwajin jini kafin aure. Mu daina kiran mai sikila ɗan ƙwaya, mu kuma daina ɓoye ɗanmu da ya faɗa shaye-shaye, domin shi ma majinyaci ne. Haƙuri da jarrabawa ibada ne, neman magani ma umarni ne, ɗaya bai kore ɗaya ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya shirya mana zuri'a, Ya saka wa ma'aikatan lafiyarmu da alheri. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Jalingo, Jihar Taraba.